Gangar Banda a Tsakar Gida

Litinin, 3 ga Yuni

Mai walda ya kawo gangar yau. Baƙa ce, tsayinta ya kai ƙirjina, da raga hawa biyu a ciki, da 'yar ƙofar zuba gawayi a ƙasa, har da tayoyi. Maigida na kwance da karyayyar ƙafarsa yana leƙe ta taga, sai murna yake kamar an kawo masa mota. Firiza ta mutu, shi kuma ba kasuwa sai ƙashi ya ɗinke. Kifin da abokin sana'arsa ke aiko mana, ko a yi bandarsa ko ya ruɓe. Wa zai yi? Ni.

Rabona da gawayi tun rasuwar Yaya. Kasko ɗaya ta shigar ɗaki don kada jaririnta ya ji sanyi, ta rufe taga. Ba gobara, ba ihu. Sai ɓalle ƙofa aka yi. Maigida ya sani. Ya ce wannan ai a waje ne.

Laraba, 5 ga Yuni

Maƙwabciyarmu, matar direba, ta shigo ta nuna min. Kada a jera kifi sai gawayi ya yi farar toka. A watsa jiƙaƙƙen garin katako, a rage ƙofar iska. Hayaki mai kauri ɗaci yake sa wa, siriri ake so. Daga bakin famfo nake gyaɗa mata kai. Ta ce, "Ke matso mana, ganga ce fa, ba kura ba."

Ita ta ƙyasta ashanar.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kunna da kaina. In zan matso sai na riƙe numfashi. Na kasa barin murfin ya zauna, buɗe, leƙa, rufe, har wuta ta tashi. Kifin waje ƙurmus, ciki ɗanye. Umma, mahaifiyar maigida da ta zo jinya, ta ɗanɗana ta ce ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci.

Kaina na sarawa. Hayaki ne ko tsoro? Da maigida ya yi barcin rana na tsaya a kansa ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Yau ban iya ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Da ƙyar nake riƙe biron nan.

Jiya na jera kifi, wuta ta kwanta lafiya, na fita sayo wa maigida magani. Ruwa ya tare ni a kemis. Da na dawo, babu ganga a tsakar gida. Sawun tayoyi kawai, ya nufi ƙofa.

Umma ce ta turo ta cikin barandar da ke tsakanin kicin da ɗakinmu, ta ja ƙofa saboda feshi. Na sami Umma zaune a dandamali, kai a langaɓe. Na kira maigida, ya amsa da wata murya mai nauyi, wai amai yake ji, in bar shi ya ɗan kwanta.

Ban nemi tsumma ba. Haka na kama ƙarfen na ja gangar waje cikin ruwan. Na bubbuɗe tagogi, na ja Umma a ƙasa kamar buhu, ina kwaɗa wa matar direba kira. Mijinta ya saɓo maigida. A mota ina ta marin fuskar Umma ina cewa kada ki yi barci, kada ki yi barci. Uwar mijina fa.

An sa musu iska a asibiti. Sun farfaɗo. Sai da nas ta ce in buɗe hannuna na ga tafin ya saɓule.

Talata, 11 ga Yuni

An sallame su. Umma ta riƙe gwiwar hannuna tana hawaye, ta ce, "'Yar nan, kifin na ji wa." 

Maigida ya ce a mayar wa mai walda gangarsa, ba ya son sake ganinta. Na shiga bayi na yi kukan Yaya. Ita ba wanda ya dawo daga kemis.

Juma'a, 21 ga Yuni

Mai walda ya zo ɗauka tun makon jiya. Ban san yadda aka yi ba, na ji kaina ina ce masa ya cire tayoyin, ya kafa min rumfar kwano can ƙarshen gida, ba bango ko ɗaya. Maigida ya kalle ni.

Yau na kunna da bandeji a hannu. Gabana na faɗuwa, kamar kullum. Amma na bar murfin ya zauna. Kifin ya fito jajir, yana maiƙo. Matar direba ta ɓalli wutsiya ta ce ashe ana yi.

Da la'asar Umma ta ɗauko gawayi za ta ƙara min. Na ce ta ajiye, ba mai taɓa min gangata.

Gangata. A gaban kowa na faɗa. Suɓutar baki ce dai.