A Dakatar da Saran Kurmin Baba Injiniya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Raya Ƙauyenmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Alhaji, ina fata kana lafiya, kai da iyali da jama'a. Ni ne Habibu mai sayar da taki a kasuwar Zakirai, babban jikan marigayi Malam Sule, wanda aka fi sani da Baba Injiniya. Na rubuto a fili ne domin ƙarar mutum biyu na kawo, ƙungiyarku da ni kaina. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Don waɗanda ba su riske shi ba, kakana soja ne mai gyaran injin jiragen sama. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma jirgi ba ya tashi sai ya sa hannu. Da ya yi ritaya ya ƙi zaman birni, ya dawo gida da kekensa da ƙugiyar kamun kifi. Mutum ne da ɗaki ba ya riƙe shi. Yakan ɓace kwana uku, ya dawo aljihu cike da ƙwallayen itatuwa. A garin da ko tafin hannu ba a bari ba a nome ba, shi ya ware rabin gonarsa ta bakin hanya, ya cika ta da ɗorawa da kanya da tsamiya da marke. Mutane suka ce ƙarar jirgi ce ta taɓa masa kai. Ni ma da ina saurayi nakan sauya hanya idan na hango shi da gajeren wandon soja, don kada abokaina su yi mini dariya. Kafin ya rasu ya bar wa gari kurmin nan, a sha inuwa, a ci 'ya'ya, kada a sare. Kana cikin shaidu, Alhaji.

Na farko, ba a gaya mini gaskiya ba. Bayan babbar salla sakatarenku ya same ni a shago, ya ce itace biyu kacal suka tare inda za a yi rumfunan kasuwa, ana so in sa hannu a madadin iyali. Jiya na je na ga kututture goma sha ɗaya. Ashe takardar da na sa wa hannu ta filin duka ce, kuma an ce ranar Asabar mai injin sara zai dawo ya ƙarasa.

Na biyu, nawa laifin. Ban karanta takardar ba, ban kuma taka na je wurin ba. A kan buhun taki na ɗora ta na sa hannu, bakina yana ciniki. Jikan wa? Jikan mutumin da kullum da safe yake zagaya itatuwansa ɗaya bayan ɗaya yadda yake zagaya jirgi, kowanne ya ɗaura masa ɗan ƙarfe mai lamba. Ya sha ce mini, "Habibu, kada hannunka ya hau kan abin da idonka bai gani ba, rai ne a ciki." Kunya ta ishe ni, wallahi.

Na uku shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Kun aiko mana da amalanke guda na itace, wai kason iyalin marigayi. Na karɓa, har da godiya. Mako biyu muna cin tuwo da shi. Kakata Inna, matar marigayin, wadda idonta ya tafi, har yaba wa matata ta yi cewa wutarta ba hayaƙi. Shekaranjiya matata tana kwashe toka ta tsinci ɗan ƙarfen nan mai lamba, ya yi baƙi. Inna ta ji muna ƙus-ƙus, ta ce a ba ta. Ta shafa shi da yatsa, ta miƙo mini. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba na gaba da kasuwa, da ita nake ci. Gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake roƙo shi ne a hana mai injin zuwa, a kira sauran shaidu su maimaita wasiyyar a gaban dagaci, a mayar da rumfunan filin tsohuwar mayanka wanda yake zaune ba a komai da shi. Sa hannuna kuwa na janye shi, jama'a su shaida.

Inna ta ce ranar Asabar in kai ta gindin tsamiyar da ta rage, can za ta wuni. Ba ni da bakin hana ta. Ina roƙonka, Alhaji, kada ka bari tsohuwar nan ta ji ƙarar injin da kunnenta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama shugabanci da mutuncinka, ya ji ƙan magabatanmu.

Wassalam.

Naka mai jin kunya,
Habibu, jikan Baba Injiniya