Ba gawa, ba takardar saki

Adda Fanta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin Bappa, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Jambutu sai godiya.

Adda, haƙurina ya ƙare. Littattafan soyayyar da kika bar mini na karance su tas. Kowace mace a ciki, ko ta yi takaba ko ta yi idda, sannan Allah ya kawo mata wani. Ni fa? Tun da muka gudo daga Mubi aka nemi mijina Baban Sadiya aka rasa, ban ga gawa ba, ban ga takardar saki ba.

Yanzu Malam Modu tela ya aiko neman aurena, kuma wallahi ina son sa. Alƙali ya ce in zo da dangin miji. Na durƙusa wa surukata, ta ce ɗanta yana raye. Har yau tana ajiye masa tuwo!

Surukar nan tawa ai goggonmu ce, kuma tana jin maganarki. Don Allah ki kira ta. Ki gaida kowa, ku sa ni a addu'a. Ki faɗa wa Goggo ban ce ɗanta ya mutu ba. Ni ce nake mutuwa a tsaye.

Ƙanwarki,
Maryama