Kwalliyar Kaka Dolgor a Cikin Gilashi

Ya Tsolmon, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke tada ciyawar lardin Arhangai daga barci!

Gaisuwa gare ki mai yawa kamar tumakin kwarinku in sun gangaro mashaya. Albishirinki! Jiya muka buɗe nunin kayan tarihin da ya hana ni sukuni wata bakwai. Kin ga jama'a kuwa? Layi har bakin titi, tsofaffi da dogayen rigunansu na siliki, 'yan makaranta suna ture juna. Mun jera bakuna da kibau, da sulke, da likkafun mayaƙa, da taswirar zangon manzanni masu sauya doki, da wasiƙun sarakuna cikin rubutunmu mai gangarowa kamar ruwan sama. Amma ina mutane suka yi cincirindo? Gaban kwalliyar kai ta kakarki, ta azurfa da jan murjani, tana walƙiya a gilashi! Wata tsohuwa ta daɗe a tsaye tana share hawaye, ta ce uwarta ma tana da irinta kafin shekarun da aka bi gida gida ana ƙwacewa. Na gaya mata wannan ta tsira ne don an binne ta ƙarƙashin murhu shekara ashirin.

Ni kuwa da na dube ta, wa nake gani in ba ke ba?

Kin tuna ranar da gidan tarihi ya aiko ni aronta? Kaka Dolgor ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan birni, zauna ka sha shayi tukuna. Da wannan hannu naka mai laushi za ka riƙe azurfar uwata?" Kwana uku ta ajiye ni ina kwasar kashin shanu na hura wuta. A rana ta uku ta tura ni tatsar goɗiya, goɗiya ta yi ƙwallo da bokiti, ni kuma na ruga a guje. Daidai nan kika iso a kan babur daga allurar maruƙa, jakar magani a baya, kumatunki jajur kamar tuffa. Kika yi dariya har kika riƙe ciki. "Sannu, masanin tarihi! Kakanninka sun ci rabin duniya a kan doki, kai goɗiya ɗaya ta kore ka?" Wallahi nonon da ya jiƙa min wando bai bushe ba zuciyata ta bar hannuna. Wace tsuntsuwa ce ke da murya irin dariyar nan? Wane tafki ne ya kai idanunki haske?

Kaka ta ba ni kayan, amma da sharaɗi: "Aro ne fa. Ranar auren Tsolmon, ko waye ke kallo, a buɗe gilashin a maido min."

Da lokacin kaka ya yi, ciyawa ta zama ruwan zinariya, na dawo na faɗa miki abin da ke raina. Kika sunkuyar da kai kika ce kina so na, amma ba za ki bar dabbobin kwari uku babu likita ki zo shaƙar hayaƙin birnin Ulanbatar ba. Ya rabin raina, maganar nan ta yi ta cin zuciyata duk tsawon hunturu! Ina goge gilashi ina jin ta, ina rubuta bayanin kibiya ina jin ta. Me zan yi da birni in babu ke? Titunansa sun zame min kufai, shayinsa babu gishiri.

To, saurari abin da na aikata. Jiya da taro ya watse na shiga ofishin shugabata, Ariuna, na roƙi a mayar da ni ƙaramin gidan tarihi na lardinku, mai ɗaki huɗu da rufin da ke yoyo. Ta sauke tabarau ta ce, "Tuvshin, wato za ka raba ni da ma'aikacina, ka kuma raba ni da abin da ya fi komai kyau a zaurena? Kai ɗan fashi ne!" Sannan ta yi dariya ta jawo alƙalami.

Za a rufe nunin in ciyawa ta fito. Zan zo da akwatin Kaka a kan cinyata, da littattafaina, da takalman da za su jure taɓo. Zan gyara rufin nan da hannuna. Zan riƙe miki ɗan maraƙi in kina allura, in dafa miki shayi in kin dawo sanyi ya kama yatsunki, kuma ba zan taɓa cewa ki zaɓa tsakanina da aikinki ba.

Mahaifina ya tanadi shuɗin ƙyallen da ake miƙa wa iyayen yarinya a neman aure, kullum sai ya warware shi ya sake ninkewa, yana tambaya yaushe za mu kama hanya. Na ce masa ba inda za mu sai kin yi magana. Takarda ta samu hannu, tsoho ya shirya, saura kalma ɗaya, Tsolmon, kuma tana bakinki.

Naki ni kaɗai, muddin dutsen kwarinku yana tsaye,

Tuvshin