Bandejin da Bai Iso Ba

Laraba da dare, 11 ga Rajab, Ƙanƙara

Yau wata uku ke nan gyambon ƙafata ya ƙi ƙamewa. Likita ya ce sukari ne, kuma in ruɓar ta kai ƙashi, sai yanka.

Ɗiyata Hadiza mai karatun jinya ta kira ni bayan la'asar. Wai a ƙasashen waje ana gwada wani bandeji mai ƴan mitsi-mitsin na'urori da ido bai gani. Su ke auna zafin ciwo da ruwan da yake fitarwa, su aika ma waya labari tun bai ruɓe ba. Na ce, "To a sawo mani goma."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Baba, gwaji ake. Ko a can bai yawaita ba."

Ni da na fara da dakon buhu har na tsaida shaguna uku, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. In na tura hannu cikin masara, na san mai danshi. Amma ƙafata, ko allura aka soka ban ji. Ciwon kuma a tafin ƙafa yake, ban iya ganinshi. Sai abin da aka gaya mani.

Ɗazu matata Hajiya ta wanke mani shi. Na ce, "Tsakaninki da Allah, ya kika gan shi?"

Ta ce, "Da sauƙi, Alhaji. Ka kwanta."

Sai ta tashi ta buɗe taga, ita da ba ta yarda a buɗe saboda sauro. Ashe wari ya fara. Ba ta juyo ba.