Gunkin da na kai Manchester ya raba ni da muryar mahaifiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara. Mutumin da ya kwana wata bakwai a kan kujerar falona a unguwar Sparkbrook da ke nan Birmingham, shi ne ya sa aka gaya wa mahaifiyata cewa na yi wa gunki sujada. Yau kwana goma sha tara ba ta ɗaga wayata ba.

Ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na sakandare na tsaya. Shekarata hamsin da biyu, sana'ata tuƙin van, wato motar ɗaukar kaya, ina kwasar kayan masu tashi daga flat. A cikin Hausawanmu na nan daga likita sai injiniya, ni ne dai wanda ake tunawa in za a ɗauki firiji.

Watan jiya wani dattijo Ba'indiye ya kira ni, akwai kaya daga Birmingham zuwa Manchester. Na je na tarar da babban akwatin katako a gareji, ban tambaya ba, mu ba ma tambaya. Sai a hanya yake ce min abar bautarsu ce a ciki, Durga, wai sau ɗaya a shekara suke fito da ita su yi mata biki na kwanaki. Na yi tunanin juyawa, amma mun riga mun hau babbar hanya, kuma dattijon tun safe yake girmama ni, har shi ya ce mu tsaya in yi azahar.

Muka isa wani zauren taro kusa da Withington. Mata da jajayen kaya, ana kaɗa ganga, hayaƙin turare ko'ina. Suka buɗe akwatin, sai ga ta da hannuwa goma, a tsaye kusa da zaki. Masu ɗauka su huɗu ne duk tsofaffi, a matakala ƙafar ɗaya ta goce, abin ya karkato zai danne wata tsohuwa da ke tafe da farantin fitilu. Ban yi tunani ba na tare da kafaɗata. A bakin ƙofa suka ce a cire takalmi, na cire, muka shiga da ita, na durƙusa na sauke gefena a hankali saboda ciwon baya. Ina ɗagowa tsohuwar nan tana kuka ta dangwala min jan abu a goshi. Wallahi tsawonta da rawar hannunta irin na Innata ne, na kasa ture ta. Suka miƙo min alawar da aka ajiye a gaban gunkin, na ce addinina ya hana, ba su ji haushi ba. Na fita na wanke goshina, na yi ta istigfari har gida.

Ashe sun ɗauki hotuna biyu sun sa a shafinsu suna gode wa direba. A na farko ni ne a durƙushe ba takalmi, kaina a ƙasa gaban gunki, na biyu kuma da ja a goshi. Mutumin nan da ya kwana a falona, zan kira shi Injiniya, ɗan unguwarmu ne a gida, ni na tarbe shi da ya zo karatu. Yanzu a Manchester yake aiki da Indiyawa, a nan ya gani. Bai kira ni ba. Ya tura zauren 'yan unguwarmu na waya da rubutu wai a yi wa ɗan uwanmu addu'a, neman abinci ya kai shi inda ya kai shi. Kafin la'asar an kai wa Inna wayar har ɗaki.

Inna ta haura tamanin, ga hawan jini. Duk Juma'a muke magana, takan fara da tambayar ko na ci tuwo. Yanzu ƙanwata ce ke ɗauka, ta ce tsohuwa ta juya fuska bango, abinci ma sai da lallashi. Na yi bayani a saƙon murya, Inna ta ce idonta ya gani. Sharaɗinta ɗaya, in tsaya gaban jama'a a masallaci in sake kalmar shahada, a ɗauka a tura mata.

A nan na tsaya. Shahada kullum ina yin ta, ba ta yi min nauyi. Amma in na yi ta a haka na amsa cewa na fita daga Musulunci ke nan, 'ya'yana uku za su girma da sunan ubansu ya taɓa bautar gunki. In na ƙi kuma, tsohuwar nan ba ta da lokacin jiran gardamata. Matata ta ce in yi kawai, uwa ce. Ni ma zuciyata ba ta bar ni ba, ina tambayar kaina me ya hana ni juyawa tun a hanya. Malaman da ke gidan nan, na yi laifin da ya kai haka? In tsaya in yi abin da ta ce, ko in bar komai in tafi gida ta ji daga bakina, ko da za ta kore ni?

Injiniya kuwa na same shi ranar Juma'ar da ta wuce a ƙofar masallaci a Stratford Road, ya shigo nan Birmingham. Ya miƙo hannu yana cewa Yaya ai nasiha ce. Ban karɓa ba. Na ce masa:

"Wata bakwai ni nake tashinka sallar asuba, ka san inda goshina yake sauka. Lambata tana wayarka, minti ɗaya ya ishe ka ka tambaye ni. Ni abin da na ɗauka na sauke shi a Manchester na wanke hannuna. Wanda ka ɗora wa Inna a ƙirji yana nan. In ta rasu ba ta kira sunana ba, kar ka zo min gaisuwa."