Ɗana ya zaɓi kaki a kan iƙama

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na saba yanke hukunci ni kaɗai, amma wannan ya fi ƙarfina.

Ni dillalin kayan gyaran mota ne a Jidda, sitona yana Khumra, shekara talatin ke nan da na zo aikin Hajji na zauna. A nan aka haifi babban ɗana, a Nuzla, Larabci ne a bakinsa, Hausarsa sai a hankali. Da ya gama sakandare ya so shiga soja tare da abokansa na unguwa, aka ce masa ajnabi ne, wato baƙo. Kwana uku bai fita ɗaki ba. Shi ya sa na tura shi jami'a a Najeriya, duk hutu yana dawowa don kar takardunsa su mutu.

Bana ya gama, aka kira shi bautar ƙasa, aka jefa shi kudu. Ƙasar da ta haife shi ta hana shi kaki, wadda bai sani ba ta ɗaura masa dole. Ranar cike fom sai da ya bugo yana tambayata sunan ƙaramar hukumarmu. A sansani sojan fareti ya gane bai iya taken ƙasa ba, ya tsayar da shi a rana, aka laƙaba masa Balarabe. Na ce madalla, zai gudo da ƙafarsa.

Matsalar ita ce tunda ya gama karatu ba zai ci gaba da zama ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zamana, ba. Na sha wuya na samo masa kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya masa, sharaɗin ya shigo kafin bizarsa ta dawowa ta ƙare ƙarshen watan nan. Na kira shi na ce yalla, ga tikiti. Ya ce ba zai zo ba. Wai wani Ibo da wani Bayarabe da suke ɗaki ɗaya sun koya masa taken, suna tashi da azuminsa su dafa masa sahur, kuma an ba shi aji yana koyarwa. Na ce taken ƙasa ba ya ciyar da mutum. Ya ce, Baba, wata biyu ina yawo ba wanda ya tare ni ya ce in nuna takarda. Na kashe wayar.

Uwarsa ta daina yi min magana, wai ni na kai shi. Siton nan da sunan kafilina yake, ran da na faɗi ba wanda zai riƙe wa ƙannensa mata shi sai yaron nan. In wata ya ƙare, sai dai ya zo garin haihuwarsa da bizar Umara.

Na san in na ce ban yafe ba gobe zai hau jirgi, ba ya tsallake maganata. In faɗa masa kalmar, ko in bar bizar ta mutu?