Ƙanina ya ba ni aron hularsa in kwaikwaye shi

Assalamu alaikum 'yan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata sha shida. Bara muka taso daga Kuyello zuwa cikin Birnin Gwari, da noma ya gagara a bakin daji. A sabuwar makaranta ko ƙuda bai san da ni ba, ni da a gida sai an toshe kunne saboda surutuna. Ina da ƙane ɗan shekara tara, ƙwaƙwalwarsa ta fi ƙarfin wuyansa, duk tsuntsun dajin nan da kukansa yake gane shi, lissafina ma shi ke yi min. Amma bai iya mutane ba. A gidan suna ya ce wa maijego jaririn bai yi kama da kowa ba tukuna. Yara sun daina kiransa langa saboda yawan gyara, kullum yana gindin mangwaro shi kaɗai.

Wata rana muka kalli wani shirin barkwanci a wayar Umma, na wani yaro irinsa sak, da ya buɗe baki sai ka ji dariyar mutane. Na yi dariya har haƙarƙarina ya kusa ɓallewa. Ƙanina kuwa ya tambaye ni wai su wa ke dariyar, ina suka ɓuya, ai gaskiya yaron ya faɗa.

Washegari na kwaikwayi ƙanin nawa a aji, nan take na yi ƙawaye, har da mai saya min awara. Yanzu sun sa ni in fito a matsayinsa a diramar ranar rabon kyaututtuka, shi kuma da yake makarantarmu ɗaya, ranar zai karɓi kyautar na ɗaya. Umma ta ji, ta ce naman ɗan'uwana nake sayar wa baƙi, na ce ita ba ta san zafin zaman aji babu mai ce maka kanzil ba, ta daina amsa min.

Shi bai yi fushi ba. Jiya ya kawo min hularsa, ya ce ba haka yake tsayawa ba, ya gyara min kafaɗa. Sai ya ce, “Yaya, in sun gama dariyar, za su riƙa kirana wasa?”

In na fasa, na koma zaman kurame. In na yi, yana layin gaba yana kallo. Har yanzu yana jiran amsata, me zan ce masa?